Tawadar hana jabu: a ina ake duba ko wani ya riga ya yi mata fatent?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. A wurin aikinmu muna buga takardun shaida, kuma mun haɗa wata tawada da ido ba ya ganinta sai an haska fitilar UV, wato mai hasken ultraviolet. Akwai kuma wani zane da muke ɓoyewa cikin bugun, kyamarar waya ce ke karanta shi. Maigidana yana so mu nemi takardar mallakar ƙirƙira, wato fatent. Kafin mu je wurin lauya ina so in duba ko wani ya riga mu. A ina ake dubawa, kuma waɗanne fatent ya kamata in fara karantawa?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Espacenet, na ofishin fatent na Turai. Kyauta ne.

Hadiza: Google Patents ya fi sauƙi ga sabon shiga, kuma yana fassara na Japan da Sin. Ka fara da shi, abin da ka samu ka tabbatar da shi a Espacenet.

Injiniya Bashir: Amma kada ka tsaya buga kalmomi kawai, lauyoyi ba sa kiran abu da sunan da kowa ya sani. Bi lambar rukuni. B42D 25 na takardun tsaro ne, G07D 7 na na'urorin tantance takardun kuɗi, C09D 11/50 na tawada mai ɓuya ko mai sauya launi. Ka buɗe ukun nan, za ka ga yawan mutanen da suka riga ka zuwa.

Dakta Rabi'u: Nura, kafin komai amsa mini wannan: kun nuna wa wani a waje? Baje koli, taron masana, bidiyo a Facebook, ko samfurin da kuka ba wani kwastoma?

Nura: A'a Dakta. Amma akwai baje kolin da maigida ke son mu kai.

Dakta Rabi'u: To ku dakata. Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, ko wani zai tsira da shi.

Ni aikina haɗa sinadaran shafe ƙarfe ne, masu hana tsatsa. Mun samu wani haɗi da yake bushewa ba tare da an gasa shi a zafi mai yawa ba, kuma duk wanda ya san masana'anta ya san nawa wutar gasawa ke ci. Muka ɗauki wani wakili da ya ce aikinsa ke nan. Na tambaye shi ƙarara ko zan iya gabatar da sakamakon a taron masana kafin mu shigar da takarda, ya ce babu komai, ai akwai shekara guda ta rangwame. Na gabatar, aka buga taƙaitaccen bayanin a littafin taro. Da takardarmu ta isa Turai, abin da mai tantancewa ya fara ɗorawa a kan tebur shi ne wannan taƙaitaccen bayanin nawa. Ya ce ƙirƙirar ba sabuwa ba ce, duniya ta riga ta sani, kuma ni na sanar da ita. Shekarar rangwamen da wakilin yake magana a kai ta Amurka ce. Turai ba ta da ita, in ban da wasu 'yan keɓantattun yanayi da ba su shafe mu ba. Kasuwar da muke hari kuwa can take.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi ci mini rai. A inda aka ba mu fatent ɗin, mutumin nan ya rubuta da'awarmu daidai da haɗin da muka gwada a ɗakin gwaji: sinadari kaza, kashi kaza, ruwan narkarwa kaza. Wani kamfani ya karanta, ya musanya ruwan narkarwar da ɗan'uwansa, ya fito da kayansa kasuwa, kuma babu abin da za mu iya yi masa. Da'awa ita ce iyakar gonarka, duk abin da ke bayan shinge na mai rabo ne. Masana kemistri suna da salon rubuta ta da ake kira Markush, tun shekarun 1920 ake amfani da shi a Amurka. Za ka zana ƙashin bayan sinadarin, sannan ka ce a wannan gurbi ana iya sa ɗaya daga cikin dangin nan, a wancan gurbi ɗaya daga cikin waɗancan. Amma dole misalan gwajinka su ɗauki nauyin faɗin da kake nema, in ba haka ba mai tantancewa zai datse shi. Saboda haka ku gwada 'yan'uwan sinadarin naku tun yanzu, ku rubuta sakamako da kwanan wata, har waɗanda ba su yi aiki ba.

Shawarata: ku nemi wakilin da ya karanta kemistri, ku ce ya nuna muku fatent da ya rubuta aka amince da su a wannan fanni. Ku shigar da takarda a ƙasa ɗaya tukuna. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ku wata 12 ku kai wasu ƙasashe da wannan ranar ta farko. In kun bi ta PCT, yarjejeniyar shigar da takarda ɗaya don ƙasashe da yawa, wadda hukumar mallakar fasaha ta duniya WIPO ke kula da ita daga Janiba, za ku samu har wata 30 kafin ku zaɓi ƙasashe. Kuma duk wanda ya ce zai samo muku fatent na duniya baki ɗaya, ku tashi ku bar ofishinsa. Babu shi. Kowace ƙasa ko yanki da nata.

Hajiya Mariya: Allah ya mayar da alheri, Dakta.

Dakta Rabi'u: Amin Hajiya.

Malam Yusha'u: Ni kuma cewa nake kada ku nema gaba ɗaya. Wata 18 bayan shigarwa za a wallafa takardar, kowa ya karanta. Mai buga jabu ba ya tsoron kotu, da ma laifi yake aikatawa. Ka rubuta masa yadda ake haɗa tawadarka, ka sa a intanet, ka kuma biya kuɗin wallafawa? Ku riƙe shi sirrin sana'a.

Hadiza: Malam, to me ya sa kamfanonin tawadar tsaro da buga kuɗi irin su SICPA da De La Rue da Giesecke+Devrient suke da tarin fatent? Ba su san da masu jabu ba ne?

Malam Yusha'u: Fatent ɗinsu don junansu ne, kada abokin gasa ya kwafa ya sayar wa babban banki. Ainihin abin da na'urar banki ke nema a jikin kuɗi ba za ki gan shi a rubuce ba.

Hadiza: Wannan na yarda. Amma sirri yana aiki ne in ba a iya gano abu daga kayan da ke hannu. Tawada tana kan takarda, duk mai ɗakin gwaji zai kankare ta ya auna. In ya gano da kansa, doka ba ta hana shi ba. Ya ma iya riga su shigar da takarda.

Malam Yusha'u: Sai su raba. Tsarin zanen a yi masa fatent, yadda ake dafa sinadarin a yi shiru.

Dakta Rabi'u: A yi hattara da wannan. In ka ɓoye abin da sai da shi ƙirƙirar ke aiki, ana iya soke fatent ɗin saboda ƙarancin bayani.

Injiniya Bashir: Nura, kada ranka ya ɓaci, amma tawadar da ke ƙyalli a fitilar UV tsohon zance ce. Ana sayar da ita, yara ma suna da biro irin wannan. In akwai sabon abu a wurinku, to yana cikin wane haske take sha, wane take fitarwa, da tsawon lokacin da ƙyallin ke ɗauka kafin ya mutu. Duba fatent na sinadaran da ke shan hasken infrared, wanda ido ba ya gani, su fitar da wanda ido ke gani. Duba kuma tawada mai sauya launi in an karkata takarda, irin wadda Amurka ta sa a dala 100 ta 1996. Ita ba rini ba ce. Ƙananan ɓarɓashi ne masu hawa-hawa, alminiyam a tsakiya, sai wani gishiri mai barin haske ya ratsa, sai siririn kuromiyam a sama. Kaurin hawan ne ke ba da launi, shi ya sa firinta da fotokwafi ba sa iya kwaikwayonta.

Hajiya Mariya: Wace takarda kuke bugawa a kai? Farar takardar ofis da kanta tana yin shuɗi a fitilar UV saboda sinadarin ƙara fari da ake sa mata. Zai dushe muku alamar.

Nura: Gaskiya mun lura da haka, Hajiya. Mun ɗauka laifin tawadar ne.

Hajiya Mariya: Ku nemi takardar tsaro marar wannan sinadarin, ku sake gwadawa kafin ku rubuta komai.

Abba: Ku manta da takarda, roba ce maganin jabu. Ostareliya ta fara buga kuɗin roba a 1988, Ingila ta bi a 2016.

Injiniya Bashir: Takardar shaida yake bugawa, Abba, ba kuɗi ba.

Hadiza: Ni ɓangaren waya ya fi damuna, don a nan ne aka fi ƙin amincewa. Lissafi tsurarsa ba a ba shi fatent. A Turai sai ka nuna yana magance wata matsala ta fasaha, a Amurka kuma tun hukuncin kotun ƙoli a shari'ar Alice na 2014 abin ya ƙara tsauri. Kada ku rubuta cewa kun gano lissafi. Ku rubuta yadda ake buga zanen, yadda kyamara ke ɗaukarsa, yadda ake gyara karkata da rashin haske, da yadda ake yanke hukunci.

Sannan tambaya ɗaya, Nura. Zanen naku so kuke ya tsira in an yi fotokwafi, ko so kuke ya lalace? Abu biyu ne daban. Ɓoyayyiyar alama irin ta kamfanin Digimarc ana baza ta ne cikin hoton gaba ɗaya da rauni ƙwarai, mai karantawa ya daidaita abin da ya ɗauka da mabuɗin da ya sani, sai alamar ta fito daga cikin hayaniya. An gina ta don ta jure sikana da matsewa da yankewa. Tana gaya maka takardar waye, amma kwafi ma zai ɗauke ta. Ɗaya nau'in kuma ɗigo-ɗigo ne ƙanana da aka watsa a iyakar abin da firinta ke iya bugawa. Duk wanda ya kwafa sai wani abu ya zube, manhaja ta auna zubewar ta ce wannan ba asali ba ne. In hana jabu kuke so, na biyun kuke buƙata, kuma rukunin bincikenku zai bambanta. Don nau'in farko ka duba G06T 1/00 da H04N 1/32.

Abba: Wannan bazawar ai 'yar fim ɗin nan Hedy Lamarr ce ta ƙirƙiro ta. Ita ta kawo Wi-Fi.

Injiniya Bashir: Kai Abba, ka rage kallon gajerun bidiyo. Ita da George Antheil sun samu fatent a 1942, gaskiya ne, kan sigina mai tsalle daga mita zuwa mita don kada abokan gaba su toshe rediyon da ke sarrafa makamin ƙarƙashin ruwa. Mita 88 suka tsara. Bluetooth yana tsalle irin wannan. Wi-Fi na yau raba sigina yake yi kan ƙananan mitoci da yawa a lokaci guda, kuma fatent ɗin da kamfanoni suka biya kuɗi a kansa na CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya ne, na 1996.

Abba: Ka ga Ostareliya ta sake fitowa, Yaya Bashir. CSIRO ɗin ce ta yi kuɗin roba.

Injiniya Bashir: Wannan kam ka ci.

Malam Yusha'u: Kuma ku lura, manyan ginshiƙan fannin sarrafa sigina babu wanda ya karɓi kuɗi a kansu. Lissafin FFT na Cooley da Tukey, mai rarraba sigina zuwa mitocinsa cikin sauri, 1965, ba fatent. Na Viterbi, mai gyara kurakuran saƙo, 1967, ba fatent. Kamfanin Denso Wave ta samu fatent na QR da ta fito da shi a 1994, ta zaɓi kada ta karɓi ko sisi, shi ya sa ya cika duniya.

Hadiza: MP3 kuwa an biya lasisi har 2017, kuma ya cika duniya shi ma. Maganarka ba doka ba ce, Malam.

Dakta Rabi'u: Wani lokaci ma shekara 20 ɗin ƙarewa suke kafin kasuwa ta iso. Dennis Gabor ya gano hologiram, hoton da ke fitowa kamar yana da zurfi, a 1947, babu leza sai 1960, kuma bai hau katin banki ba sai shekarun 1980. Ana ƙirga 20 ɗin daga ranar shigarwa ne, ba daga ranar da aka amince ba.

Hajiya Mariya: Abin da ba wanda ya faɗa: samun fatent bai ba ka izinin sayarwa ba. Ikon hana wasu kawai ya ba ka. In tawadarku ta hau kan sinadarin da wani ke riƙe da shi, sai kun nemi lasisinsa. Bincike biyu ne, na ko sabo ne, da na ko kun taka wani. A na biyun ka duba ko fatent ɗin yana raye, da yawa sun mutu saboda an daina biyan kuɗin sabuntawa, ka kuma duba ko ya shafi ƙasar da za ku sayar.

Abba: Wato wanda ya mutu kowa na iya amfani da shi?

Hajiya Mariya: Ƙwarai. Amma duba danginsa, wani lokaci ya mutu a ƙasa ɗaya yana raye a wata.

Dakta Rabi'u: Ga mai son koyon rubuta da'awa, ya karanta tsofaffi. Na Leo Baekeland kan robar Bakelite, 1909, gajere ne kuma a fili yake. Na kamfanin BASF kan hanyar haɗa amoniya ta Fritz Haber ma haka, ka ga yadda suka kewaye matsin iska da zafi da katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗin, kafin su buɗe masana'antar Oppau a 1913.

Malam Yusha'u: Haber ɗin da ya jagoranci amfani da iskar kulorin a fagen yaƙi a 1915? Ni ban iya yabon mutumin nan.

Dakta Rabi'u: Ban ce ka yabe shi ba, Malam. Takardar na ce a karanta. Takin zamani mai naitirojin da ake nomawa da shi yau daga wannan haɗin yake fitowa.

Malam Yusha'u: Aikin masana'antar na Carl Bosch ne, shi ya gina tukunyar da ta jure matsin.

Dakta Rabi'u: Katalis ɗin ƙarfen kuma na Alwin Mittasch. In rabon yabo za a yi, a sa shi a lissafi.

Hadiza: Nura bai amsa mini ba fa. Ya tsira ko ya lalace?

Nura: Afuwan Anti Hadiza, ina ta rubuta lambobin ne. Lalacewa muke so. Amma a gwajinmu wasu wayoyin suna cewa asali ma kwafi ne, musamman in haske ya yi ƙasa.

Hadiza: To matsalar tana wurin kyamara, kowace waya da yadda take gyara hoto kafin ta miƙa wa manhaja. Ku sa manhajar ta kunna fitilar waya da kanta, ta ƙi ɗauka in hoton bai fito sosai ba. Kada ka turo hoton zanen a nan, mu da yawa ne kuma babu wanda ya sa hannu kan riƙe sirri. Faɗa mini dai firintar da kuke amfani da ita da yawan ɗigon da take bugawa a inci guda.