Wa ya taɓa kwashe rajistar takarda zuwa kwamfuta? A wane mataki kuka sha wuya?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Makarantarmu, mai zaman kanta ce, ta yanke shawarar daina rubuta sakamakon ɗalibai da kuɗin makaranta a littafi, za a koma manhaja. Ni aka ɗora wa aikin, don kawai an ga na iya Excel. Na karanta cewa cibiyar PMI ta Amurka, ta ƙwararru kan gudanar da ayyuka, wadda aka kafa a 1969, ta kasa kowane aiki gida biyar: assasawa, tsarawa, aiwatarwa, sa ido, sai rufewa. A takarda kam abin ya yi kyau. Ku da kuka taɓa shiga, a ina gizo ke saƙa?

Maman Asiya: Wa alaikumus salam Malam. Mu tun a tsarawa aka yi tuntuɓe. A sashen kati nake, a wani ƙaramin asibiti. Mai asibitin da ɗan kwangila suka kulle ofis suka gama komai, mu da za mu riƙa danna abin ko sannu ba a ce mana ba. Ranar da aka kunna, sai ga shi manhajar ba ta karɓar mara lafiya sai an sa ranar haihuwa, wata da shekara. To tsohuwar da ta taso daga ƙauye, ka tambaye ta shekarunta ta ce ita dai an haife ta da kaka, me zan rubuta? Kowa muka riƙa ba shi 1 ga Janairu. Layi har bakin get, masu jinya suna ta yi mana masifa. Mako uku muka daure, muka koma katinmu na da. Ka zaunar da mai haɗa manhajar kusa da mai karɓar kuɗinku ya yi wuni guda yana kallo, kafin ya rubuta komai.

Injiniya: Hajiya kin yi gaskiya, amma bari in faɗi namu ɓangaren, don ni ma haɗa manhaja ce sana'ata. A wani aiki, an yi da ni zan haɗa abu uku. Da aiki ya yi nisa sai aka fara "ɗan ƙara mana saƙon waya ga iyaye", "ɗan sa mana albashin malamai", kuɗi kuma na nan yadda yake. Aikin wata biyu ya kai bakwai, aka ce ni ne mai nawa. Yanzu ba na taɓa komai sai an rubuta abin da ke cikin aikin da wanda ba ya ciki, an sa hannu. Na kuma daina ɓacewa sai na gama, duk mako biyu nake kawo abin da na yi a gwada. Wannan salon ne masu haɗa manhaja 17 suka fitar wa da sanarwa a jihar Utah a 2001, ake ce masa Agile.

Sakataren Adashi: Ni kwashe bayanan ne ya kusa zubar mini da mutunci a ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa. Excel ya cinye sifilin farko na duk lambobin waya, lamba 11 ta koma 10. Ƙ da ɗ suka zama alamar tambaya, Ɗanladi ya koma ?anladi. Wanda ya fi ciwo, mutum ɗaya ya fito sau uku, Muhammad, Mamman da Moh'd, zubinsa ya rabu gida uku. Dattijo ya zo yana rantsuwa an ci masa kuɗi. Littafin da ban yar ba shi ya wanke ni. Kada ka ajiye littafi sai kun yi zango guda kuna rubutawa a duka biyun, lissafi yana fitowa daidai.

Ɗan Zariya: Kada ma ku ɗauka mu kaɗai ne. Shafin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka da aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 2013 kasa ɗaukar jama'a ya yi tun ranar farko. Ingila ma ta fara haɗa bayanan asibitocinta a 2002, a 2011 aka sanar da wargaza shirin.

Malam Akawu: Ba wanda ya taɓo rufewa, ita ce ta ci mu. Wani ɗan hidimar ƙasa ya haɗa mana shafin intanet mai kyau, Allah ya saka masa. Aka ci shinkafa, aka ɗauki hoto, ya tafi garinsu. Bayan shekara shafin ya mutu saboda ba a sabunta kuɗin adireshinsa ba, kalmar sirri kuma tana imel ɗinsa, lambarsa ba ta shiga. Kafin ka biya cikon kuɗi, Malam, ka karɓi kalmomin sirri da sunan makaranta, a koya wa mutum biyu, a kuma dawo da kwafin ajiya a gabanka ka ga yana aiki.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe zan zauna da mai karɓar kuɗi da malaman aji, kuma da aji ɗaya za mu fara. Injiniya, takardar nan ta abin da ke ciki da wanda ba ya ciki, ko za ka taimaka mini da samfurinta?