Me za mu kira "soliloquy" da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, dan Allah masana harshe ku matso kusa. Muna gwajin wasan Hamlet na Shakespeare da ɗalibaina, muka iso kashi na 3 fitowa ta 1, inda yarima Hamlet ke auna ko ya ci gaba da haƙuri da azabar duniya ko ya kashe kansa ya huta, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce Malam, wannan doguwar maganar da yake yi shi kaɗai me sunanta da Hausa? Nan take na ce zancen zuci. Amma wallahi har na koma gida abin bai kwanta min ba.

Zancen zuci ya zauna daram a fim ɗin Hamlet da Laurence Olivier ya yi a 1948. Hamlet yana zaune can saman ganuwa, teku na tumbatsa a ƙasa, wuƙa a hannunsa, wani wajen bakinsa a rufe yake muryar kawai kake ji, irin yadda ake yi a finafinanmu na Kannywood in jaruma ta yi tagumi murya na tashi. To amma kalli na Kenneth Branagh na 1996, shi da bakinsa yake furtawa, yana takowa a hankali zuwa gaban madubi har ya zaro wuƙa ya nuna hoton kansa, alhali sarki Claudius na laɓe a bayan madubin yana kallonsa. Wannan kam maganar ta bar zuci ta fito waje. Balle a dandamali, a gidan wasan Globe na Landan wani lokaci da rana tsaka ake yi, 'yan kallo na tsaye dab da ƙafar ɗan wasa, yana iya duban idonka ya jefa maka tambayar kamar kai zaka warware masa.

Bayan na yi wannan tambaya na ga shawarwarinku na gode: wasu sun ce sambatu, wasu zancen kaɗaici, wata Baba kuma ta ce saƙa da warwara. Sambatu dai ban yarda ba, sambatu na mai zazzaɓi ne ko wanda hankalinsa ya gushe, shi kuwa Hamlet a nan hujja yake jerawa ɗaya bayan ɗaya. Zancen kaɗaici ya min daɗi a kunne sosai, matsalar kawai a wannan fitowar ba shi kaɗai bane, Ophelia, yarinyar da yake so, na gefe da littafi a hannu, sarki da Polonius mahaifinta sun ɓuya suna saurare.

Baba da kika kawo saƙa da warwara, Allah ya ƙara girma, kin kama halin Hamlet sarai, ya saƙa wannan ya kwance wancan. Sai dai ba kowane mai irin wannan magana ke cikin kokwanto ba, Richard na 3, a wani wasan Shakespeare mai sunansa, tun buɗe wasa yake sanar da 'yan kallo mugun nufinsa, ya riga ya gama saƙarsa babu abin warwarewa.

Ni inda na tsaya shi ne zancen zuci a fili. Abin da ke cikin zuciya ne, amma an furta shi da baki don mai kallo ya ji. In murya ce kawai aka ɗora baki a rufe kamar na Olivier, sai mu bar shi zancen zuci zalla. Haka zan rubuta wa yaran a allo ranar Litinin, wanda ke da gyara ya kawo kafin lokacin.