Wa Ya Zana Fastar Kaboyi?

Tsohon Ɗan Kallo:
Salamu alaikum, ma'abota baiti,
Tambaya gare ni, ku ba ni kunnuwa.
Ina yaro a Kano, ko kwabo babu,
Ƙofar silima nake zuwa tsayuwa.
Fasta a bango: doki, malafa, bindiga,
Sama ta yi jawur, rana tana faɗuwa.
Fim bai samu ba, fastar na ƙoshi da ita,
Wa ya zana ta? Har yau ina neman amsawa.

Mai Alli:
Baba, tushen ya girmi fim ɗin kansa,
A Amurka aka soma shukawa.
Buffalo Bill a 1883 ya kafa wasan dawaki,
Duk garin da za shi, fasta ke riga shi zuwa.
Kamfanin Strobridge na birnin Cincinnati na cikin masu bugu,
Kan dutse ake zane, takarda ake dannawa.
Kowane launi da nasa dutsen,
Ja daban, shuɗi daban, sannu ake jerawa.
Da fim ya zo, sai ya gaji salon,
Doki a guje, ƙura tana tasowa.

'Yar Maɗaba'a:
Malam, ka bar min zancen awo,
A da inci 27 faɗi, tsayi 41 ake yankawa.
A 1940 kamfanin National Screen Service ya soma rabon fasta,
A ninke ake aikawa, a gama a yi mayarwa.
Baba, abin da ke ci min rai ke nan:
Galibin masu zanen ba su sa hannu a kusurwa.
Sunan jarumi ƙato a sama,
Mai burushi an biya shi, an yi mantuwa.

Uwar Biyu:
Ku yi haƙuri, yabon ya yi yawa,
Ni akwai inda zuciyata ke sosuwa.
Fim ɗin Stagecoach na 1939, John Ford ya ɗauka,
A Monument Valley, ƙasar Nabaho 'yan asalin Amurka ce tun da daɗewa.
Mai ƙasa a fasta ya zama abin tsoro,
Baƙo da bindiga shi ake ɗaukakawa.

Mai Alli:
Hajiya, gaskiyarki, ban musa ba,
Kyan launi bai isa wanke wannan ba kuwa.
Italiya ma ta yi fice a fim ɗin kaboyi a 1964,
Darakta Sergio Leone ya ɓoye suna don kasuwa.
Bob Robertson aka rubuta a fasta,
Don a zaci daga Amurka ake kawowa.

Ɗan Gurasa:
Ku ba ni wuri, tawa daga Poland take,
Fim ɗin Amurka High Noon na 1952 nake tunowa.
Gary Cooper shi kaɗai a titi,
Gari ya guje shi, bai fasa takowa.
A 1989 Tomasz Sarnecki ya ɗauko hoton,
Ya cire bindiga, ƙuri'a ya yi sakawa.
Bajen ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity a ƙirjin rigar,
Ran 4 ga Yuni aka fita jefawa.
'Yan gurguzu suka sha kaye a akwati,
Kaboyin takarda na bango yana kallon kowa.

Tsohon Ɗan Kallo:
Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana,
Hajiya, maganarki ta hana ni rintsawa.
Wanda ya zana tawa ba ni da sunansa,
Jan samansa dai ina gani in na rufe idanuwa.