Zoben rage ƙiba ya zame: inshora za ta biya cirewa da sake tiyata?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce ga likitocin fiɗa da masu aikin inshorar lafiya. Mace ce mai shekara 44, ma'aikaciyar gwamnatin tarayya a nan Kano. An sa mata zoben rage ƙiba a Indiya shekara 9 da suka wuce, irin wanda ake ɗaure saman tumbi da shi. Yau wata biyu ke nan ko kunu ta sha sai ya dawo, ga ƙwannafi, ga tari cikin dare. Nauyinta kilo 104, tsayi mita 1.62, tana kuma da ciwon suga. An ce zoben ne ya zame. Tana cikin tsarin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Shin za su biya kuɗin cire shi? In kuma za a mayar da aikin zuwa yanke tumbi ko baifas, wato tiyatar da ake ware ɗan ƙaramin tumbi a haɗa shi kai tsaye da hanji, wa zai ɗauki nauyi?

Likitan Fiɗa:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin maganar kuɗi, a fara da abin da ba ya jira: a zuƙe ruwan da ke cikin zoben gaba ɗaya.

Kayan nan kashi uku ne. Akwai zoben silikon mai balan-balan a ciki, wanda ke zagaye saman tumbi ya bar ɗan aljihu a sama da bai wuce cin mililita 15 zuwa 30 ba. Akwai siririn tiyo. Sai maɓalli da aka ɗinke a ƙarƙashin fatar ciki, ta nan ake ɗura ruwan gishiri a matse zoben ko a zuƙe a sassauta shi. Samfurin zoben mai suna Lap-Band na baya-bayan nan yana ɗaukar ruwa mililita 10, babbansa 14. Allura ta musamman ake sawa, wadda ake kira Huber, domin allurar yau da kullum tana gutsurar robar maɓallin ya riƙa yoyo. Sau da yawa da an zuƙe ruwan mara lafiya za ta iya shan ruwa nan take. In an zuƙe amma har yanzu ko yawu ba ya wucewa, ko akwai ciwon ciki mai tsanani da bugun zuciya da sauri, to imajansi ne a daren: ɓangaren tumbin da ya kurɗo ta cikin zoben yana iya shaƙewa, jini ya daina kai masa, ya mutu.

A kula da wani abu da ake yawan mantawa. Mai amai sati da sati sinadarin tayamin, wato bitamin B1, yana ƙare mata, domin ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta sati biyu zuwa uku ba. A ba ta tayamin kafin a rataya mata ruwa mai suga, in ba haka ba ana iya jawo mata ruɗewa da karkacewar ido da tangaɗi.

Sannan bincike. Hoton ciki na tsaye zai nuna yadda zoben ya kwanta. Lafiyayyen zobe yana karkace ne, kusurwarsa da ƙashin baya tsakanin digiri 4 da 58; in ya kwanta shamɓal ko ya fito zagaye kamar harafin O, ya zame. Sai hoton haɗiyar bariyom, wani farin ruwa da ake sha don ya fito a hoto, a ga girman aljihun da kuma ko hanyar abinci ta buɗe ta yi faɗi. Sai endoskofi, a zura kyamara a duba ko zoben ya ci bangon tumbi ya leƙo ciki. Wannan ukun su ne hujjarta a wajen inshora ma. Ana yin endoskofi a Asibitin Malam Aminu Kano.

Mai Teburin HMO:

Dakta ya gama rabin aikin. Malam Ɗan Gwammaja, kuskuren da ke sa a mayar da takarda shi ne a haɗa buƙata biyu a wuri ɗaya a rubuta "tiyatar rage ƙiba". Da mai tantancewa ya ga kalmar ƙiba, ya rufe fayil, domin a wajensu aikin ƙiba yana zama ne kusa da aikin kwalliya, ba sa biya. Alhali abu biyu ne daban.

Na farko cire zoben da ya toshe tumbi. Wannan jinyar toshewa ce, da amai, da bushewar jiki. Na biyu mayar da aikin zuwa wata tiyatar ƙiba. Na farko yana da ƙafar tsayuwa sosai. Na biyu, gaskiya ɗaya ce, ku shirya aljihunku, in an samu sauƙi a gode Allah.

Hanyar ita ce: ta fara zuwa asibitin da ta yi rajista, su rubuta takardar tura ta wajen likitan fiɗa, su nemi lambar izini daga HMO ɗinta, wato kamfanin da ke kula da biyan kuɗin jinyarta a tsarin. Ba lamba, ba biya, ko da aikin yana cikin tsari. Kowane mataki da lambarsa: ganin likita daban, endoskofi daban, kwanciya da tiyata daban. Tun daga Afrilun 2025 NHIA ta umarci HMO su ba da amsa cikin awa ɗaya, in kuma imajansi ne a fara jinya, a karɓi lambar cikin awa 48. Saboda haka kada a ajiye mace mai amai a benci ana jiran lamba.

Wasiƙar likita ta ƙunshi ranar da aka sa zoben da samfurinsa, tsawon lokacin aman, kilo nawa ta zube a wata biyun nan, sakamakon gwajin jini musamman fotasiyam da aikin ƙoda, yawan ruwan da aka zuƙe da abin da ya biyo baya, da rahoton hotuna. Takardun Indiya in suna nan a haɗa kwafi. In an ƙi, kada ku yarda da "ba ma biya" ta waya. Ku nemi a rubuta dalili da sashen da aka dogara da shi, ku kai koke ofishin NHIA na Kano tare da wasiƙar babban likita. Komawa Indiya kuwa, tsarin ba ya biyan jinyar ƙasar waje ko kaɗan.

Hajiya Mai Lissafi:

Yallaɓai Mai Tebur, ka ɗan sauƙaƙa lamarin fiye da yadda yake, musamman ga masu inshorar kamfani mai zaman kansa da za su karanta wannan. Takardun yarjejeniya da dama suna da layi guda mai cewa ba sa biyan aikin da aka cire daga tsarin, kuma ba sa biyan matsalar da ta taso daga aikin da aka cire. Wannan layi na biyu shi ke cin mutane, don da shi za a ce cire zoben ma ɗan tiyatar ƙiba ne. Sai kuma batun ciwon da mutum ya shigo da shi: wanda ya sayi inshora da kansa galibi sai ya yi shekara guda kafin a fara biyan irin wannan, rukunin ma'aikata kan samu sassauci. Na uku rufin kuɗin tiyata na shekara, wato iyakar abin da za su biya. Ana iya amincewa da aiki amma rufin bai kai rabin kuɗin ba, ragowar taku ce. A nemi cikakken jadawalin abin da tsarin ke biya, ba 'yar takardar talla ba.

Kuma ina jan kunne: raba buƙata biyu daidai ne, amma kada a roƙi likita ya ɓoye cewa akwai zobe ko ya sauya sunan ciwo. Rahoton tiyata zai tona, su ƙi biya bayan an gama aiki, asibiti ya juyo kanku. Ma'aikatan jiha masu KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano, su tambayi teburinsu da ke asibiti, jadawalinsu daban yake da na tarayya.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Dakta, tunda za a shiga ciki, ba gara a yi duka biyun rana ɗaya ba, a huta da kuɗin ɗakin tiyata sau biyu?

Likitan Fiɗa:

Ya danganta da abin da kyamara ta gani, ba da lissafin kuɗi ba. Zobe yana barin tabo mai kauri zagaye da saman tumbi, kuma daidai nan ne layin ƙusoshin ɗinki zai bi. In naman wurin ya kumbura ko ya yi kauri, ƙusoshin ba sa kamawa da kyau, ɗinki ya yi yoyo, wannan kuwa shi ne abin da kowane likitan fiɗa ke tsoro, don yana iya kai mutum ɗakin kulawa ta musamman na makonni. In zamewa ce kawai kuma nama lafiya lau, ana iya yin duka a zama ɗaya. In zoben ya ci bango ya shiga ciki, ko aljihun ya kumbura sosai, a cire, a jira wata 3 zuwa 6, a sake dubawa. Kuma a cire duka, har tiyo da maɓalli, a warware ɗinkin da aka lulluɓe zoben da shi. Maɓallin da ya yi ruwa bayan shekaru yawanci alama ce ta cewa zoben ya huda tumbi, ƙwayoyin cuta suka biyo tiyo, don haka kada a tsaya wanke ciwon fata kawai.

Ga wannan baiwar Allah, ni baifas zan fi karkata gare shi. Siliv, wato yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi kamar ayaba, yana ƙara matsin ciki kuma yakan tsananta ƙwannafi, ita kuwa da shi ta zo. Baifas yana kashe ƙwannafi, yana kuma taimakon suga sosai, sai dai bitamin, sinadarin ƙarfe, kalsiyam da B12 sun zama na har abada, kuma ta yi ban kwana da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac saboda gyambon wurin haɗi. A sa kuɗin waɗannan a lissafi tun yanzu.

In za ku gwada neman HMO ta taimaka da kashi na biyu, ga hujja. Kilo 104 a raba da 1.62 sau 1.62, ma'aunin ƙibarta, wato BMI, 39.6 ne. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta 1991 ta ce 40, ko 35 in akwai ciwo kamar suga ko hawan jini. Sabuwar ta 2022 ta sauko zuwa 35 ko ba ciwo, 30 in akwai suga. Ta cika duka biyun. A haɗa gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugar jini na watannin baya, da jerin magungunan sugar da HMO ɗin ke biya mata kowane wata, su gani da idonsu abin da suke kashewa.

Mai Teburin HMO:

Ƙari ɗaya a kan maganar Dakta. In za a yi duka rana ɗaya, a sa asibiti ya fitar da kiyasi biyu tun kafin a kwantar da ita, na cirewa daban, na baifas da kayan ɗinkinsa daban, HMO ta amince da nata kason a rubuce. In aka haɗa su a rasit ɗaya, rabawa daga baya wahala ce, kuma yawanci duka ake ƙi.