Neman shawara: gwajin ƙanena ya haura 1,000, Hajiya ta ce a koma na gargajiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ƙanena direban babbar mota ne, shekara shida ke nan yana shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki (HIV). Da can in an auna jininsa ba a ganin ƙwayar cutar, har ya yi ƙiba. Watan jiya sakamako ya fito, adadin ƙwayar cutar a gwajin jininsa ya haura 1,000. Da na tsare shi, sai ya ce in tafiya ta yi tsawo maganin kan ƙare masa a hanya, ya yi kwana huɗu ko biyar bai sha ba. Yanzu Hajiyarmu ta dage wai jikinsa ya saba da maganin asibiti, a koma na gargajiya. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Da gaske jiki na sabawa da maganin nan?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. 'Yar uwa, ki lallashi Hajiya, kada a ajiye maganin ko na kwana ɗaya. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ƙa'idar ita ce a zauna da shi a gyara yadda yake sha, bayan wata uku a sake aunawa. Da yawa daga nan adadin ke faɗuwa, ba tare da an canza komai ba.

Wani mai aikin ɗakin gwaje-gwaje: Bari in ɗora a kan abin da Sista ta faɗa. Abin da ke sauyawa ƙwayar cutar ce, jiki ba ruwansa. HIV tana hayayyafa da gaggawa: a jikin wanda ba ya shan magani, sabbin ƙwayoyi kan kai biliyan 10 a rana. Kuma in tana kwafar kanta tana yawan kuskure, ba ta da hanyar gyarawa. Shi ya sa a jikin mutum ɗaya za ki samu zuriya guda amma kowacce da kamanninta, kamar gero a gona ɗaya, ba zangarniyar da ta yi daidai da wata. A cikin tarin nan ba a rasa 'yan kaɗan da magani bai kama su sosai ba. In maganin na da ƙarfi a jini kullum, babu wadda ke samun sararin haihuwa. In ya yi rauni saboda tsallake-tsallake, masu laushin su mutu, masu taurin kan su cinye gonar.

Abin da aka gani ke nan da AZT, maganin HIV na farko, wanda aka fara bayarwa shi kaɗai a 1987: sai ya yi aiki na ɗan lokaci ya gaza. Sai a 1996 da aka koma haɗa magunguna uku lamarin ya canza, domin da wuya ƙwaya ɗaya ta tsere wa uku lokaci guda. Tsohon maganin nan efavirenz, sauyi ɗaya tak a ƙwayar cutar kan isa ya karya shi. Dolutegravir da ke cikin TLD (haɗin magunguna uku a ƙwaya ɗaya), wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2019, ya fi shi wuyar karyawa nesa ba kusa ba. In TLD yake sha, ina kyautata zaton akwai sauran dama sosai.

Wani mai harhaɗa magunguna: Ki tambaye shi me yake haɗawa da shi. Maganin ƙarin jini, na ƙarin ƙarfin ƙashi da farin ruwan nan na olsa suna hana dolutegravir shiga jiki yadda ya kamata. In kuma yana kan maganin tarin fuka mai rifampicin, dole asibiti su sani, domin ƙara masa dolutegravir ake yi zuwa sau biyu a rana.

Wani ɗan uwa: Ni ma a hanya nake neman abinci, shekarata tara ina sha. Ya roƙi asibiti su ba shi na wata uku ko fiye. Ni ina ajiye na mako biyu daban a jakar tafiya, ba na taɓa shi sai dole.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kira shi yanzu, TLD ɗin ne, kuma ashe yana yawan shan maganin olsa da daddare, lokaci ɗaya da shi. Ranar Litinin tare za mu je asibitin, kuma zan roƙi Hajiya ta biyo mu ta ji daga bakin likita.