Mai biyan ciko: neman Hausar "secondary payer"

Jama'a, musamman masu aikin fassara da tafinta, ina so mu tsayar da Hausar "secondary payer", wato inshorar da ke biyan ragowar kuɗin asibiti bayan wata ta fara biya. Kalmar tana yawan fitowa a takardun inshorar lafiya na Amurka, kuma dattawanmu da ke zaune can, in ba su gane ta ba, bashin asibiti ne ke hawa kansu.

Medicare inshorar gwamnatin tarayya ce, tun 1965, ta waɗanda suka kai shekara 65. Sai mutum ya cika 65 yana kan aiki, ga kuma inshorar wurin aikinsa. To, wa zai fara biya? Idan ma'aikatan wurin sun kai 20, ta wurin aiki ce ke farawa, sannan a miƙa wa Medicare ragowar. Idan ba su kai ba, Medicare ce a gaba. Ga wanda ya samu Medicare saboda naƙasa, sai ma'aikata sun kai 100 kafin ta wurin aiki ta fara biya. Mai wankin ƙoda kuwa, ta wurin aiki ke fara biya tsawon wata 30, komai ƙanƙantar wurin.

Ana rubuta "inshora ta biyu", ni kam ban gamsu ba. Mai karatu zai ɗauka wata inshora ce dabam da ake saya, alhali matsayi ne da ke juyawa. Ranar da mutumin nan ya yi ritaya, Medicare ta koma gaba, ta tsohon wurin aikinsa ta koma baya.

Shawarata ita ce "mai biyan ciko", na gaba kuma "mai fara biya". Kowa ya san ciko a kasuwa: an ba da wani abu, saura a cika. Kuma "mai" yana nuna aikin da ake yi a lokacin, ba irin inshorar ba.

Inda nake da damuwa shi ne ciko yakan sa mutum ya zaci an gama biya duka. Medicare ba ta wuce ƙa'idarta, wani lokaci saura kan rage a wuyan majiyyaci, don haka dole mai fassara ya faɗi wannan a fili.

Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, doka ta sa sai kowa ya biya kafin ta biya. Ita "mai biyan ƙarshe" ta ishe ta.

Mutanen Sakkwato, Damagaram da zangon Kumasi, ciko yana da wannan ma'anar a bakinku?