Saƙon laburarenmu na WhatsApp ba ya isa ga ɗalibai

Assalamu alaikum. A laburaren kwalejinmu, ta WhatsApp muke tuna wa ɗalibai ranar dawo da littafin aro. Jerin aika saƙo (wato broadcast, mai tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa, kowa ya samu shi kaɗai) lamba 256 kawai yake ɗauka, sai muka raba su jeri biyar. Amma duk wanda bai ajiye lambar laburaren a wayarsa ba, saƙon ba ya shiga, a alama ɗaya mai nuna an aika yake tsayawa.

Mun manna lambar a ƙofa da teburin aro, kaɗan ne suka ajiye. Mun buɗe zaure, ya cika a mutum 1,024, hira kuma ta binne sanarwar.

Wace hanya ce tunatarwar za ta isa ga kowane ɗalibi shi kaɗai, ba sai ya ajiye lambarmu ba? Na gode.